Itatuwan da Suka Sha Ruwan Jegon Hinda

Duk wanda ya sauka daga kamyo, babbar motar kaya, a mararrabar Gidan Bunu yanzu, abin da yake fara cewa shi ne mutanen garin nan sun iya gyara. Dogon yaro a jere dama da hagu, duwatsu an shafe su da farar ƙasa, ga tuta a tsakiya, daidai inda hanyar Magarya ta rabu biyu, ɗaya ta yi Dungas ɗaya ta gangara kudu. To ni Kaltume na san abin da itatuwan nan suka sha. Ruwan wankan jegon 'yata Hinda suka sha, kuma mijinta Mainassara ne ya ba su. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, na kuma ce kada a gyara min baki.

Hinda 'yar ƙanwata ce, amma ni na yaye ta ni na aurar da ita, kada wani ya ce min ba 'yata ba ce. Ba yarinya ba ce kuma, haihuwarta ta huɗu ce. Da aka aiko min garinmu Dogo-Dogo cewa ta sauka, an samu mace, na ƙulle kanwa da yaji a bakin zane na hau jaki. Bazara ce, shekara ta biyu da sojoji suka karɓi ƙasa, irin zafin nan da kaza ke buɗe baki ko a inuwa.

Zan faɗi gaskiya ko a kan maƙiyina. Na tarar Mainassara ya yi abin da ake so miji ya yi. Itacen jego tun cikin yana ƙarami ya fara tara shi, ƙirya da marke, jibge a bayan rumbu har sun fi ni tsawo. Ya samo tano, gangar ƙarfen nan da ake zuba man mota, an yanke mata kai an ƙone ta an wanke. Safe da yamma ina cika ta in hura wuta, in ta tafasa in tsoma ganyen tsamiya in yi ta fyaɗa wa Hinda a baya da ciki da cinyoyi. Tana cije leɓe tana cewa, "Inna, mutum kike wankewa ko kan sa kike dafawa?" In ce mata kan sa ya fi ta daraja, shi ba ya surutu a tukunya.

Haihuwar ta zo da gardama. Ungozoma ta ja ni gefe ta ce jini ya zuba da yawa, a sa mata ido, kada a yi wasa da wanka. Amma har ranar suna lafiya lau take. Tana cin tuwo, tana shan kunun kanwa, nono ya kawo, jaririya Ladi tana tsotsa har ta yi gyatsa.

Mararrabar nan ita ce ƙofar unguwarsu, ta nan ake shiga ta nan ake fita. A da juji ce. Can ake jefa mushen jaki, can yara ke tsugunno, ƙasusuwan shanun da fari ya kashe suna warwatse ba mai kulawa. Da damina samariya, ƙungiyar samarin gari, suka yi gayya suka kwashe dattin, suka dasa 'ya'yan dogon yaro da masu gandun daji suka kawo. Ban ce aikin banza ba ne. Ni ma da na wuce sai da na ce madalla. Mainassara shi ne sarkin samarin, duk da furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Washegarin suna aka aiko cewa kumandan, mai mulkin yankin Magarya, zai zagaya garuruwa ya ga samariyar da itatuwanta suka ƙetare rani, wadda ta fi za a yi mata kyauta. Nasu kuwa rabi awaki sun gwaigwaye, rabi sun sunkuyar da kai don ƙishi. Daga ranar nan Mainassara ya daina zama mijin kowa.

Itace aka fara ɗauka. Na fito da safe in ɗiba, sai na ga samari suna loda shi a amalanke. Na tambaye su, suka ce sarki ne ya ce a kafa wa kowane ɗan itace shinge saboda awaki. Na shiga wurin Kellu, uwar Mainassara, tana zaune tana kaɗi. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce itacen ɗanta ne, shi ya saro shi, kuma ai kara ma wuta ne. Duk macen da ta taɓa hura wuta ta san kara ba ya tafasa tano. Ya yi bal ya mutu, ki ƙara ya yi bal ya mutu, ido ya cika da hayaƙi, ruwa yana nan kamar an ajiye shi a rana. Na koma tsintar kashin shanu a bayan gari kamar mahaukaciya.

Sai ruwa. Rijiyar garin guda ce, da bazara kuma sai an jira ta tara, don haka mai gari ya raba wa kowane gida lokacinsa. Aka ce kowane gida ya ba itatuwa tulu ɗaya. Mainassara ya tashi a gaban jama'a ya ce shi sarki ne, ba zai ba da abin da talaka ya bayar ba, ya ba da lokacin gidansa gaba ɗaya, har da jakin da ke ɗauko ruwan. Aka yi masa guɗa, makaɗi ya kama sunansa. Mu a gida aka bar mu da abin sha da na tuwo.

Na ɗauki tulu na tafi rijiya da tsufana ina bin mata ɗaya-ɗaya. Wata ta tsiyaya min rabin guga, wata ta juya baya kamar ba ta ji ba. Wata mai bakin tsiya ta ce, "Inna, gidan sarki guda kuna bara?" Na ce mata sarautar ta itatuwa ce, mu mutane ba mu cikin talakawansa. Suka yi dariya, amma dariya ba ta cika tulu. Wankan safe da yamma ya koma na safe kaɗai. Daga nan ya koma shafe-shafe da ruwa mai ɗumi-ɗumi.

Na sake komawa wurin Kellu na ce ta yi wa ɗanta magana, ita ta haife shi. Ta ce matan yanzu lalaci ya yi musu yawa, ita a gona ta haifi Mainassara, ta yi wanka da ruwan tafki, ga ta nan daram. Na ce ai shi ya sa ya fito haka. Tun daga nan ba ta ƙara amsa gaisuwata ba, ni ma ban yi asarar komai ba.

Ran nan na dawo daga tsintar makamashi na tarar da duwatsun murhu tsirara, babu tano. Na bi sawun da aka mirgina ta har mararraba. Ga ta a tsakiyar hanya. An shafe ta da fenti launin tuta, an huda gindinta da ƙusa, an cika ta da rairayi an kafa gora a ciki. Wai malamin lakkwal, makarantar boko, shi ne ya ce haka ake yi a Damagaram, don motoci su riƙa zagayawa. Garin da mota ba ta shigarsa sai ranar kasuwa. Na sa yatsa a hujin nan na ji ya wuce. Ko sun mayar min da ita ba za ta ƙara riƙe ruwa ba.

Hinda ta fara da ciwon kai. Sai rawar sanyi, cikin wannan zafi da mutane ke kwana a waje, ita tana cewa in ƙara mata bargo. Mararta ta yi tauri, in na taɓa sai ta riƙe min hannu. Jinin da ya kamata ya ja baya ya canza, ya fara wari, irin warin da ba sai an gaya wa tsohuwa ko mene ne ba. Tuwo ya daina shiga. Kunun ma sai na tallafe kanta take kurɓa biyu ta kawar da fuska. Nono ya ɗauke, Ladi ta tsotsa ta saki ta yi ta tsala kuka, na koma ɗura mata madarar akuya.

Abin da ya fi ƙona min rai, ita ke kare shi. In na fara zaginsa sai ta ce, "Inna, ki bar shi, aikin gari ne ya sha masa kai. In an gama zai dawo hankalinsa." In ta ji takunsa a tsakar gida sai ta gyara ɗankwali ta yi ƙoƙarin zama. Shi kuwa daga bakin ƙofa yake cewa ya mai jiki, kafin a amsa ya kai zaure. Sau ɗaya ya aiko da rubutun sha, sau ɗaya da ƙwayar kinin daga mai tebur. Kellu ta yi ta yawo da maganar gida-gida, wai ɗanta duk da nauyin gari a kansa bai manta da iyalinsa ba.

A wurinmu suruka ba ta tsayawa gaban surukinta, ko sunansa ba ta kamawa. In ta hango shi sai ta sake hanya. Ni ran nan na yar da kunyar a tsakar gida na tafi mararraba da rana tsaka. Samari sun cika wurin, wasu na jera duwatsu, wasu na shafa farar ƙasa, shi yana tsaye da sanda yana nuna inda layi ya karkace.

Na ce, "Mainassara."

Samarin suka tsaya da aiki. Ya zo da sauri ya tsuguna. Ya ce, "Inna, da kin aiko ai."

"Na aiko, an ce sarki yana aiki. Matarka tana ruɓewa a ɗaki. Ka ba ni amalanke in kai ta likita Magarya."

Ya yi ƙasa da murya don kada yaransa su ji. Ya ce zazzaɓin jego ne, kowace mace tana yi. Ya ce amalanken Illo mai dako ne kaɗai san da ke jansa yake da ƙarfi tun bayan fari, kuma duwatsu yake jigila, in ya tafi Magarya aiki ya tsaya.

"Inna, jibi ne kawai. Jibi kumandan zai zo. In muka ci, an ce rijiyar siminti za a gina mana. Wa zai sha daɗinta in ba su Hinda ba?"

Na ce, "Gawa za ta ja maka gugan?"

Ya ce in daina yi wa 'yata mugun baki. Wani daga cikin samarin ya ce tsohuwar nan ta fi kumandan zafi, a ba ta tutar ta riƙe. Suka kwashe da dariya. Mainassara bai yi dariya ba, bai kuma tsawata musu ba. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya koma kan duwatsunsa.

Na tafi ƙofar mai gari. Ya saurare ni yana gyaɗa kai, ya ce maganar cikin gida ce, mace ba ta fita sai da izinin mijinta, in bari baƙi su zo su tafi zai kira shi ya yi masa faɗa. Na tafi wurin Illo da kaina. Illo Bafulatani ne da fari ya cinye masa garke, ya rage masa sa ɗaya, ya zauna a gefen gari yana dako. Ya ce wallahi yana jin tausayi, amma shi baƙo ne, in ya saɓa wa samariya ba mai ƙara ba shi kaya, ba mai zuwa masa gayya. Ban zage shi ba. Shi kaɗai ne a garin nan ya kalle ni a ido da yake ce min a'a.

Kwana biyun nan Hinda ta daina gane safe da yamma. Tana kiran uwarta da ta rasu tun tana goye. Ƙafafunta suka kumbura, leɓɓanta suka tsage. 'Ya'yanta manya na tura su maƙwabta don kada su gani.

Ranar zuwan kumandan, gari na wayewa, sai ga Illo a ƙofar gida da amalanke. Ya ce duwatsu sun ƙare, yanzu ba wanda ke da magana a kan sansa. Muka shimfiɗa tabarma da bargo, ni da shi da wata maƙwabciya muka ɗauko Hinda. Ba nauyi, kamar damin kara. Kellu ta tsaya a bakin zaure tana cewa ba da izinin ɗanta ba. Na ce ta kawo igiya ta ɗaure ni. Na goya Ladi muka kama hanya.

Da muka iso mararraba na ga abin da ban taɓa gani ba. An ja igiya an tare bakin unguwa. An share wurin tas, har an yi wa rairayin zane da tsintsiya kamar bayan ƙwarya. Kuma an yayyafa ruwa. Ƙasa an jiƙa ta da ruwa don kada ta tashi ta ɓata wa baƙi riga, ni da nake bara rabin guga. 'Yan lakkwal sun yi layi, makaɗa suna ɗaure ganguna. Tsakaninmu da hanyar Magarya bai fi jifan dutse ba.

Mainassara ya taho cikin sabuwar riga mai aiki. Kada wani ya ce bai gani ba. Ya leƙa amalanken, ya ga fuskarta, na ga tasa fuskar ta canza. Hannunsa har ya kai kan igiyar. Sai wani ya ce kamar ƙura ce can ta taso daga wajen Magarya. Ya janye hannun.

Ya ce, "Illo, ka bi ta bayan gari, ta tudu, ku hau hanya can gaba."

Illo ya ce tudun nan rairayi ne zalla, ko ba kaya ƙafar amalanke nutsewa take. Mainassara ya ce in suka bi ta nan ƙafafun za su tsaga sharar, sa kuma ba a hana shi kashi, sa'an nan wane irin gari ne zai tari babban baƙo da majinyaciya a bakin ƙofa.

Hinda ta buɗe ido. Ban san ta san inda muke ba. Muryarta kamar ta tsohuwa, ta ce, "Maigida, ka bar mu mu wuce."

Ya ce, "Ki yi haƙuri, yanzun nan za ku fita."

Na kama igiyar zan tsinka, samari biyu suka riƙe ni, da jaririya a bayana. Wasu suka kama igiyar hancin san suka juya shi. Duk mutanen da ke wurin nan, da masu rawani da masu carbi, ba wanda ya hana su. Ƙurar da aka gani kuwa garken tumaki ne. Daga baya na ji kumandan bai iso ba sai bayan la'asar.

Tudun nan ya ci mu. Ƙafar amalanke ta nutse har gindi, Illo ya tona da hannu ya sa kara, mu tura, ta yi gaba kaɗan ta sake nutsewa. San ya durƙusa yana kumfa. Dole muka sauke Hinda a gindin wani gawo, muka fitar da amalanken wofi, muka dawo muka ɗauke ta a bargo muka kai ta, haka muka yi ta yi. Ladi tana kuka a bayana har muryarta ta dishe. Duk wannan muna jin gangunansu, iska tana kawo mana kirarin Mainassara sarkin samari, mai mayar da juji lambu. Sai da rana ta karkata muka taka ƙasa mai tauri. Da na waiga ina hango tutarsu.

Mun shiga Magarya rana ta yi ja. Likita ya ɗaga bargon ya sake shi, ya tambaye ni wa ya riƙe matar nan a gida har ta kai haka. Ya yi mata allura, ya rataya mata ruwa. Na ba shi labarin itace da tano. Ya ce ba rashin wanka ne babban abin ba, jinkiri ne, da an kawo ta tun zazzaɓin yana sabo da allura ta tare shi. Shi ya san allura, ni na san jego, ba zan yi musu da shi ba. Ko wanka ne ko jinkiri ne, hannu ɗaya ne ya hana duka biyun.

Washegari da hantsi ta ɗan farfaɗo. Na kanga mata Ladi a ƙirji ta shinshina kanta. Na ce, "Hinda, akwai abin da zan gaya masa?" Ta ce, "Inna, kada ki bar yarinyar nan a gidan." Ba ta ƙara ambatonsa ba, da alheri ko da sharri. Kafin azahar ta cika.

Illo ya dawo da mu. Ta mararrabar muka shiga, ba wanda ya tare mu. Igiyar tana yashe a ƙasa, zanen tsintsiya ƙafafu sun tattake, ɓawon gyaɗa ko'ina. Aka ce sun ci. Abin da aka ba su rediyo ce da takardar yabo. Rijiyar siminti har yau ba a ga mai haƙa ta ba.

Ni na yi mata wanka. Ran nan ruwa bai yi wuya ba, kowane gida ya aiko da tulu har muka rasa wurin ajiyewa. Aka fitar da ita ƙofar gida, mu mata muna bayan zana muna ji. Kafin a ta da salla liman ya juya ya tambayi mijin, kamar yadda aka saba, ko ya yafe wa matarsa abin da ke tsakaninsu. Mainassara ya share ido da bakin riga ya ce ya yafe mata duniya da lahira. Maza suka ce madalla, Allah ya saka masa, ta yi dacen miji.

Na buɗe zanar da hannu biyu na fitar da kaina.

Na ce, "Malam, ita an tambaye ta?"

Liman ya ce in ji tsoron Allah, gawa ce a gabanmu.

Na ce, "Don gawar ce a gabanmu na tambaya. Me ta yi masa da zai yafe? Ni ina wurin da ta cika. Na ba ta dama ta ce ta yafe, ba ta ce ba. Duk wanda ya ce muku ta yafe, ƙarya yake."

Mata suka ja ni ciki, Kellu tana cewa baƙin ciki ya taɓa min kai. Aka yi salla aka tafi da ita.

Bayan sadakar bakwai na ɗaure kayana na goya Ladi. Kellu ta tare ni ta ce 'ya ta uba ce. Na ce to mu je gaban mai gari, dama ina da magana da shi. Aka taru a zaurensa, dattawa da liman da Mainassara, ni ina daga bakin ƙofa a tsugune. Ban nemi ko dala ba. Na ce abin da nake so, mutumin nan ya tsaya gaban jama'ar da suka yi masa guɗa ya faɗa da bakinsa cewa shi ya kwashe itacen, shi ya hana ruwan, shi ya juya amalanken. Sa'an nan a bar min yarinyar, wasiyyar uwarta ce.

Mai gari ya ce yarinya in riƙe ta har yaye, daga nan a gani. Sauran maganar kuwa, ya ce in yi haƙuri, kwananta ne ya ƙare, ko da an kai ta gaban likitan Yamai ba za ta ƙara minti ba. Liman ya ce haka ne. Dattawa suka ce haka ne. Wani ya ce yaron nan gari ya yi wa aiki, bai kamata a tozarta shi ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yarda kwana yana ƙarewa. To da itatuwan nan suka sunkuyar da kai, me ya sa bai ce kwanansu ne ya ƙare ba? Me ya sa su aka yi musu shinge, aka ba su jaki, aka kwana ana gadinsu? Itace ne ake tashi a nema masa magani, mace kuma a ce ƙaddara?"

Mai gari ya kama gyaran rawani. Liman yana jan carbi da sauri. Na zuba wa Mainassara ido, na ce ko yanzu ya buɗe baki zan ji. Yana kallon tabarma, yana tsinkar bakinta da farce. Na ga ya ɗago kai, na ce a raina to ga ta nan tafe.

Sai wani daga cikin samarinsa ya leƙo zauren ya ce, "Sarki, rana ta yi sanyi, an kawo jaki."

Lokacin ban ruwa ya yi. Ya tashi ya nemi takalmansa.

Ladi tana hannuna a Dogo-Dogo, ta fara rarrafe. Wanda ke son ta ya same ni gaban alƙali a Magarya, can zan maimaita duk abin da na faɗa nan, da sunan kowa.